A RABA KO A ƘARASA? LISSAFIN RABON KUƊI A TEBURIN ƘARSHE

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata tambaya da ke tasowa a wani wuri wanda galibin masu sauraro ba su taɓa shiga ba, ba su kuwa da niyyar shiga, watau gidan caca. Kowa ya san matsayin caca wajen addini da wajen mutanen kirki, ba kuwa don a ƙawata ta ga kowa aka ɗauko zancen ba. Dalili shi ne, wani babban reshe na ilmin lissafi, wanda a yau kamfanonin inshora da likitoci da masu duban yanayin sama suke dogara a kansa, a kan teburin 'yan caca aka haife shi, tambayar da ta haife shi kuwa tana nan da ranta har yanzu. Ga ta: mutane sun zuba kuɗi sun soma wasa, ba a kai ƙarshe ba sai suka so su tashi. Yaya za a raba kuɗin? Sa'an nan tashin ne ya fi, ko kuwa a ƙarasa?

A birnin Las Vegas na ƙasar Amurka akan yi wata gasa kowace shekara tun 1970, ta wani wasan karta da ake kira foka. A babbar gasar kowane ɗan wasa yakan biya dala 10,000 kafin ya zauna, sa'an nan a ba shi tulin waɗansu 'yan faya-fayai masu launi iri iri, waɗanda za a kira kwabban wasa a cikin wannan jawabi. Ba a sayen ko goro da su a kasuwa, amfaninsu a kan tebur kaɗai yake. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita ke nan, sai baɗi. Haka za a yi ta yi kwana da kwanaki har a rage saura mutum tara a tebur guda, shi ne ake kira teburin ƙarshe. A 2024 mutum 10,112 suka shiga. Wanda ya zo na tara ya tashi da dala miliyan 1, na biyu ya sami miliyan 6, zakara kuwa miliyan 10 da munduwa ta zinariya. Tsakanin na ɗaya da na biyu ke nan akwai dala miliyan 4, sau da yawa kuwa karta ɗaya tak ita ke yanke hukunci.

To, a irin wannan gasa, babba ko ƙarama, akan ga waɗanda suka rage sun dakata sun ja gefe suna raɗa. Wani ya ce, tun da yake kuɗin nan ba wanda zai ci sai mu, me zai hana mu raba yanzu kowa ya san abin da ya samu? 'Yan kallo da yawa sukan ɗauki wannan ragwanci ne. Ra'ayin wannan jawabi ya saɓa da nasu. Ga mafi yawan mutane rabawa ita ce daidai, masu ƙi kuwa galibi girman kai ke ruɗinsu, muddin dai an yi rabon bisa lissafi na ƙwarai, an kuma yi shi a fili. Amma lissafin nan na ƙwarai ba abu ne mai sauƙi ba, sai da masana suka yi shekara 160 suna jayayya a kansa.

A 1494 wani malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya, Luca Pacioli, ya kawo matsalar a cikin littafinsa, ya ce a raba kuɗin gwargwadon cin da kowa ya riga ya yi. Wanda ya ci sau biyu ya ɗauki ninki biyu na wanda ya ci sau ɗaya. Maganar tana da daɗin ji, amma a 1556 wani ɗan ƙasarsu, Tartaglia, ya nuna inda ta karkace. In an yi zagaye ɗaya tak aka tashi, ashe wanda ya ci zagayen zai kwashe kuɗin duka, ko da wasan na zagaye ɗari ne, alhali kuwa bai yi nisan komai ba. Tartaglia ya kawo tasa dabara, ita ma ba ta gamsar da shi ba, har ya yanke cewa matsalar ta alƙalai ce, ba ta masu lissafi ba, kowane irin rabo aka yi sai an sami mai kai ƙara.

Haka abin ya zauna har 1654, sa'ad da wani bafaden Faransa mai sha'awar caca, wanda aka fi sani da laƙabin Chevalier de Méré, ya kai matsalar wurin Blaise Pascal a Paris. Pascal yana da shekara 31 a lokacin. Ya rubuta wa Pierre de Fermat, wani masanin shari'a a birnin Toulouse wanda ke yin lissafi a lokacin hutunsa, suka yi ta aika wa juna wasiƙu a cikin wannan shekara har suka warware ta, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Misalin Pascal ya cancanci a saurare shi da kyau. Mutum biyu, kowa ya zuba tsabar zinariya 32, watau 64 ke nan a tsakiya, wanda ya riga cin zagaye uku shi ke kwashewa. Ɗaya ya ci biyu, ɗaya ya ci ɗaya, sai aka tashi. Pascal ya ce a dubi zagayen da ba a yi ba. In mai biyu ya ci shi, 64 nasa ne. In ya faɗi, sun zama biyu da biyu, kowa ya ɗauki 32. Ashe ke nan 32 sun tabbata nasa ko ta yaya aka yi. Sauran 32 ɗin su ne ake shakka a kansu, damarsa da ta abokinsa ɗaya ce, sai a raba su biyu. Mai biyu ya tashi da 48, mai ɗaya da 16. Da an bi Pacioli, da mai biyu bai kai 43 ba.

Abin da mutanen nan biyu suka gano shi ne, haƙƙin kowa yana rataye da abin da zai iya faruwa nan gaba, abin da ya wuce kuwa amfaninsa kawai ya nuna inda aka tsaya. Daga wannan ne ilmin lissafin yiwuwa ya tsiro. Bayan shekara uku, a 1657, Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya buga ɗan littafi na farko a kan wannan ilmi. Mai sauraron da bai taɓa riƙe karta ba zai gane matsalar in ya tuna da abokan ciniki biyu da suka haɗa jari, suka sayi kaya, sa'an nan suka so su rabu tun ba a sayar da kayan ba.

Yanzu sai a komo teburin foka. In mutum biyu ne suka rage, lissafin ba shi da wuya. A ɗauka waɗansu biyu suna jefa kwabo sama, wanda ya canka ya karɓi kwabo ɗaya daga hannun ɗan'uwansa, ba a tashi sai ɗaya ya tsiyace. In wannan na da kwabo biyu wancan na da ɗaya, lissafi ya nuna mai biyu zai kwashe duka sau biyu cikin uku. Watau idan gwaninta ta zo ɗaya, damar mutum ta cinye wasa daidai take da kasonsa na kwabban da ke kan tebur. Saboda haka sai kowa ya ajiye kuɗin na biyu a aljihu, tun da ba mai hana shi wannan, sa'an nan a raba abin da ke tsakanin na ɗaya da na biyu gwargwadon tulin kowa. Hanyar Pascal ce sak.

Da mutum uku ko fiye abin yakan rikice, a nan ne kuma ake cutar mutane. A shekarun farko na gasar Las Vegas zakara shi ke kwashe kuɗin duka, sai a 1978 aka soma raba kyauta hawa hawa. Tun daga ranar darajar kwabon wasa ta daina zama ɗaya. Ga misali. Mutum uku sun rage, kyautar na ɗaya dala 50,000, ta na biyu 30,000, ta na uku 20,000, jimla 100,000. Kwabban da ke kan tebur 10,000 ne: mai babban tuli na da 6,000, na tsakiya 3,000, ƙaramin 1,000. In aka raba kuɗin kai tsaye bisa tuli, babban zai ɗauki dala 60,000, abin da ko ya cinye gasar ba zai samu ba, ƙaramin kuwa 10,000, rabin abin da zai samu ko da yanzu ya faɗi. Wannan a fili yake ba daidai ba ne, ba mai yarda.

Akwai wata hanya da ta fi wannan wayo, ita ce kuwa masu babban tuli suka fi son kawowa. Sai su ce kowa ya ɗauki 20,000 na na uku, a raba sauran 40,000 bisa tuli. Babban ya sami 44,000, na tsakiya 32,000, ƙaramin 24,000. Da ji sai a ce an yi adalci. Amma a gwada ta da irin gwajin Tartaglia. Da babban na da kwabo 9,000, da wannan hanya ta ba shi dala 56,000, ta zarce kyautar zakara da 6,000. Ma'aunin da ke yin ƙarya ƙiri ƙiri in an ɗora masa kaya mai nauyi, lalle yana yin 'yar ƙarama in an ɗora marar nauyi, sai dai ido bai gani.

Hanyar da ta fi kusa da gaskiya daga filin sukuwa ta fito. A 1973 wani masanin ƙididdiga na Amurka, David Harville, ya nemi yadda za a san damar doki ta zuwa na biyu ko na uku in an san damarsa ta zuwa na ɗaya. A 1987 Mason Malmuth ya kawo irin wannan lissafi cikin sha'anin gasar foka. Ga yadda take aiki, a ɗauki ƙaramin nan mai kwabo 1,000. Damarsa ta zama zakara 10 ce cikin 100. Zuwansa na biyu kuwa hanya biyu ne. Ko dai babban ya zama zakara, wanda ke faruwa sau 6 cikin 10, shi kuwa ya tsere wa na tsakiya, kwabo 1,000 gaban 3,000, watau sau ɗaya cikin huɗu. In aka haɗa, 15 ke nan cikin 100. Ko kuwa na tsakiya ya zama zakara, sau 3 cikin 10, shi kuma ya tsere wa babban, sau ɗaya cikin bakwai. Wannan ya ba da wajen 4 cikin 100. Ashe damarsa ta na biyu wajen 19 ce, sauran 71 kuwa na uku zai zo. In aka auna kowace kyauta da damarta aka tara, haƙƙinsa dala 24,929 ne. Aka bi sauran biyun haka, na tsakiya ya sami 33,833, babban 41,238.

A lura da abin mamakin da ke ciki. Kowane kwabo na ƙaramin ya kai kusan dala 25, na babban kuwa bai kai dala 7 ba. Kwabon ƙarshe da ke riƙe da mutum a kan kujera ya fi wanda ke bisa ƙololuwar tuli daraja nesa ba kusa ba, don muddin mutum yana zaune, waɗansu biyu suna iya karawa ɗaya ya faɗi, shi ya hau mataki bai motsa ba. Waccan hanya mai wayo ta ba babban rarar kusan dala 2,800 daga aljihun sauran. Haka kuma in aka ce a raba uku daidai don zumunci, babban ya yi asarar kusan 7,900. Duk wanda ya zauna ciniki bai san waɗannan lambobi ba, da wuya ya tashi ba a ci shi ba. A yau kuwa ba wani uzuri, wayar hannu tana yin lissafin kafin a ƙifta ido.

To, an san yadda za a raba. Saura babbar tambaya, don me za a raba? In rabon ya yi daidai da lissafi, wanda ya karɓa da wanda ya ƙi ai ɗaya suke in za su yi wasan sau dubu. Amma wa zai zauna a wannan tebur sau dubu? Yawancin mutane sau ɗaya suke zama a duk rayuwarsu, in ma sun zauna. Amsar ta zo a 1738 daga Daniel Bernoulli, a wata takarda da aka buga a birnin St. Petersburg na Rasha. Ya ce a ɗauka wani matalauci ya sami takardar caca wadda za ta ba shi tsabar zinariya 20,000 ko kuwa ba komai, dama rabi da rabi. Bisa lissafin Pascal darajarta 10,000 ce. Duk da haka in wani ya taya ta 9,000, matalaucin ya yi hankali in ya sayar, attajirin da ya saya shi ma ya yi hankali. Ba wanda aka cuta. Dalili kuwa, amfanin kuɗi ga mutum yana raguwa gwargwadon yawan abin da ke hannunsa. Dubun farko ita ke biyan bashi ta rufa asiri, dubu ta ashirin kuwa ƙarin ado ce. Hausawa sun riga sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Bernoulli bai musa ba, sai dai ya ƙara da cewa ya danganta da bakin wane ne, ya kuma nuna yadda za a auna.

A cikin takardar nan tasa ya yi bayanin inshora da wannan hujja, da misalin ɗan kasuwa mai ɗauko kaya a jirgin ruwa daga Amsterdam, wanda ya yarda ya biya fiye da abin da lissafin haɗari ya nuna don ya kwana da kwanciyar rai. A nan ne hujjar rabawa ta fi ƙarfi. Mai sayen inshora dole ya biya kamfani riba. Waɗanda suka raba kuɗi a teburin ƙarshe kuwa inshora suka yi wa juna kyauta, ba dillali, ba la'ada. Kowa ya tashi da cikakken haƙƙinsa na lissafi, haɗarin kuma ya gushe. Da wuya a sami wani ciniki a duniya wanda kowa ke ƙaruwa ba wanda ya ragu kamar wannan.

Labarin da 'yan foka suka fi ambata a kan wannan ya faru a 2003. Mutum 839 suka shiga babbar gasar, aka wayi gari saura biyu. Ɗaya shi ne Chris Moneymaker, wani akanta mai shekara 27 daga jihar Tennessee, wanda ya sami kujerarsa ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, bai kuwa taɓa shiga babbar gasa ido da ido ba. Ɗayan shi ne Sam Farha, haifaffen Labanan mazaunin Houston, tsohon hannu wanda ya riga ya ci munduwa a 1996, an san shi da taba a baki wadda bai kunna ba. Kyautar na ɗaya dala miliyan 2.5, ta na biyu miliyan 1.3. Moneymaker yana riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kwabban. Bisa lissafi haƙƙinsa wajen miliyan 2.1 ne, na Farha wajen miliyan 1.7. Duk da haka sai Moneymaker ya yi masa tayin a raba kusan daidai wa daida. Farha ya ƙi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Can cikin wasa Moneymaker ya tura kwabbansa duka tsakiya ba shi da komai a hannu, burga ce kawai. Farha ya daɗe yana tunani, ya ajiye kartar da ta fi ta abokin karawarsa. Ba a jima ba wasa ya ƙare, akanta ya zama zakara, Farha ya tashi da miliyan 1.3. Labarin ya bazu har mutum 2,576 suka shiga a 2004, a 2006 kuwa 8,773.

Amma fa a yi hattara. Faɗuwar Farha ba ita ce shaidar ya yi kuskure ba, don mai kashi ɗaya cikin uku ai faɗuwa ce ta fi yi masa yawa ko ya yi daidai ko bai yi ba. Shawara ana auna ta ne da abin da aka sani kafin a buɗe karta. Yana kuwa da hujjoji. Shi mutum ne da ya saba zuba manyan kuɗi, watau attajirin Bernoulli ne, haɗari bai firgita shi. Ya fi yaron gwaninta, kowa ya yarda. Tayin kansa kuma ya nuna masa abokin karawarsa yana jin tsoro, tsoro kuwa makami ne a wannan wasa, in an raba kuɗi ya tafi. Duk wannan gaskiya ne. Inda ya karkace shi ne farashi. Kafin ƙin tayin kusan rabi ya zama daidai, sai ya tabbata zai ci kusan sau ɗaya cikin biyu alhali kashi ɗaya cikin uku ke gabansa. Gwaninta tana ƙara wa mutum dama, amma wannan tazara ta yi yawa. Shi kuwa Moneymaker, wanda ya yarda ya bar wajen dala 200,000 na haƙƙinsa don ya tsira daga haɗari, ya yi abin da matalaucin Bernoulli ya yi ne, ga mai albashin wata kuwa ba wauta ba ce.

Batun gwaninta shi ne babbar hujjar masu ƙin rabawa, yana kuwa da ƙarfi in da gaske ne. Wahalar ita ce kowa yana ganin shi ne gwanin. A 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi ɗalibai masu tuƙin mota su auna kansu. A cikin Amurkawan da ya tambaya, 93 cikin 100 suka sa kansu cikin rabin da ya fi iya tuƙi, abin da ba shi yiwuwa. Ba dalilin zaton 'yan karta sun fi direbobi tawali'u. Har wa yau, a gasar foka akwai kuɗin dole da kowa ke zubawa bi da bi, ana kuwa ƙara shi lokaci lokaci don wasa ya ƙare. A ƙananan gasanni, kafin a kai teburin ƙarshe kuɗin dolen nan ya yi girma har ba sauran filin dabara, sai dai mutum ya tura duka ya jira abin da karta za ta yi. Gwanin da ya ƙi rabo a irin wannan hali yana taƙama ne da makamin da aka riga aka karɓe masa.

Ba a ce lissafin Harville ba shi da aibu ba. Bai san gwani ba, bai san wanda kuɗin dole zai faɗa wa a zagaye mai zuwa ba, a filin sukuwa ma masana sun nuna yakan yi wa dokin da aka fi so ƙari a damar zuwa na biyu da na uku. Saboda haka wurin soma ciniki ne. In kowa ya yarda wane ya fi su, ba laifi a ƙara masa ɗan wani abu. Sa'an nan rabo ba ya ƙulluwa sai da yardar kowa, mutum ɗaya in ya ƙi ya ɓata, don haka akan sami mai yin amfani da buƙatar sauran ya ce sai an ƙara masa. Wanda ya san lambarsa yana iya sallama kaɗan da saninsa, kamar mai biyan inshora, amma ya sa wa kansa iyaka tun kafin a soma magana, don gajiya da ɗokin kuɗi ba su barin mutum ya yi lissafi da tsakar dare.

'Yan kallo kuma suna da tasu ƙara, cewa in an raba kuɗi wasa ya mutu. An sami magani mai sauƙi. A gasannin European Poker Tour na Turai akan yarda a yi rabo a gaban alƙalan wasa, a rubuta, amma sai an bar wani kaso tare da kofi an ƙarasa wasa a kansu. Wannan tsari ya fi na Las Vegas, inda masu babbar gasar suka daɗe suna ƙin sa hannu a kowace yarjejeniya. Ƙin nasu bai hana a yi ba, sai dai ya tura ta bayan fage, inda ba takarda ba shaida. Wanda aka rubuta sunansa a matsayin zakara shi ake miƙa wa kuɗin, shi hukumar haraji ta sani, sauran kuwa sai su dogara ga alkawarin baki. Alkawarin baki a kan irin wannan kuɗi yakan ƙare a gaban alƙali. A 2006 Jamie Gold ya ci dala miliyan 12, wani mai suna Crispin Leyser ya kai ƙara cewa tun kafin gasar an yi masa alkawarin rabi. Kotu ta hana a taɓa miliyan 6, sai a 2007 suka sasanta a waje. Tartaglia da ya ce sai an kai ƙara bai yi ƙarya duka ba.

Akwai kuma iyaka wadda ba a tsallakewa. Raba kuɗi a fili da yardar duk waɗanda suka rage daban yake da haɗa baki. In biyu suka shirya a asirce su yi wa juna sassauci don na uku ya faɗi, ko ɗaya ya zubar wa ɗan'uwansa kwabbai da gangan, wannan zamba ce, ba lissafin da zai wanke ta. A 2025, a wata gasa ta Las Vegas mai suna Millionaire Maker, wani kamfani na waje ya yi wa ɗaya daga cikin biyun ƙarshe alkawarin ƙarin dala miliyan 1 in ya zama zakara. Shi ne mai ƙaramin tuli, amma ya cinye, ta hanyar da ta sa masu kallo suka yi zargin abokin karawarsa ya sakar masa ne. Masu gasar suka yi bincike, suka ce ba zakara a wannan shekara, ba kuwa wanda za a ba munduwa. Kuɗin na ɗaya da na biyu kuwa, su da suka daɗe suna ƙin sa hannu a rabo, su da kansu suka haɗa shi suka raba wa mutanen biyu.